Shekarar da Malam Ya Daina Shan Ruwa

Na san abin da aka gaya muku. An ce uwarku ita ce matar da ta durƙusa a ƙofar ɗakin surukinta, a gaban 'ya'yansa, ta yi masa maganar fitsari. Gaskiya ne, na yi. Gwaggonku Asabe, Allah ya jiƙanta, ta ba da labarin nan a gidan suna da gidan biki tun daga Kazaure har Babura, kuma tsakani da Allah ba ta ƙara mini ko kalma ɗaya ba, sai dai ta rage da yawa. Abin da ta rage shi nake so in rubuta muku tun ina da sauran ido, don kada bayan raina ku riƙa sunkuyar da kai in an ambaci maganar.

Ku fara sanin irin gidan da na fito. A rugarmu ta bayan Roni, mace ba ta cin abinci a gaban surukinta, ba ta shan ruwa yana gani, sunansa kuwa ko wani mai irinsa aka haifa sai ta laƙaba masa wani. Da wannan tarbiyyar aka kawo ni gidan kakanku, wanda kowa yake kira Malam. Shekara goma sha huɗu na yi a gidan kafin abin da zan ba ku labari, kuma duk maganar da ta taɓa haɗa ni da shi ita ce gaisuwar safe, ina durƙushe daga nesa, shi kuma yana amsawa yana kallon wani wajen. In yana son abu daga hannuna sai ya ce da babanku, a gaya wa 'yar Roni kaza. Ni ma in amsa ta bakin babanku. Babu ƙiyayya a ciki ko kaɗan. Girmamawa ce, kuma mu duka biyun mun ji daɗinta.

Malam shi ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin a haifi babanku. Masallacin a jikin katangar gidan yake, har in ina tsakar gida ina jin karatunsa. Mutum ne da ake misali da tsabtarsa da kiyayewarsa, ba a taɓa jin ya yi tuntuɓe a aya ba. Da kakarku Inna ta rasu da damina, sai kula da shi ya dawo hannuna. Kullum da hantsi, in ya fita zaure ba da karatu, in shiga ɗakinsa in share, in cika masa 'yar randarsa da butarsa, in wanke moɗar in kife a kan faifai, in fito kafin ya dawo.

Da bazara ta kama, irin wadda duwatsun Kazaure suke ɗaukar zafi da rana su yi ta mayar wa mutane har magariba, sai na lura randar Malam ba ta raguwa. Da farko na ce ko a zaure yake sha. Na tambayi babanku a kaikaice, ya ce shi bai ga moɗa a zaure ba. Sai na ɗauki gawayi na ja ɗan layi a cikin randar daidai inda ruwan ya tsaya. Washegari na dawo, abin da ya ragu bai fi abin da randa take tsotsewa da kanta ba. Kokon safe ya fara dawowa rabi. Fura ta dawo an tsince gayan an bar ruwan. Sai saƙo ya zo ta bakin babanku, wai a gaya wa 'yar Roni ta rage miya a tuwo, kuma dabino da goro sun ishe shi da rana. Sannan na ga wani abu kuma: Malam, wanda bai taɓa wanke ko hula da hannunsa ba, ya fara wanke wandunansa da kansa yana shanyawa a bayan ɗaki inda ba a gani.

Na haɗa wannan da wancan na gane. Tsufa ya kawo masa lalurar da take kama dattawa maza, fitsari ba ya riƙuwa. Shi kuma malami ne, ya san hukunci ya fi kowa: mai irin wannan lalura sallarsa ta yi, babu laifi a kansa, amma a karatun da ya yi kuma ya koyar, ba a so ya ja masu lafiya salla in akwai wani. Wato in ya faɗa, limanci ya ƙare. Sai ya yi wa kansa dabara, ya rufe ƙofar daga sama. In bai sha ba, babu abin da zai fita, alwala ta zauna tun daga azahar har isha'i.

Ba a yi sati uku ba sai abin ya fara taɓa kansa. Ran nan a sallar magariba ina jinsa ta katanga ya kama sura ya sake ta ya shiga wata, na baya suna ta yi masa gyara. Wata rana ya tashi raka'a ta biyar a la'asar, ana ta subhanallahi bai ji ba. Ya dawo gida ya tsaya a tsakar gida yana kiran Inna, wai ta miƙo masa carbinsa, matar da muka binne wata takwas da suka wuce. Maganar ta fara yawo a unguwa a hankali, kowa yana rage murya: Malam ya fara gigin tsufa.

Ni kuwa ban yarda ba, don na taɓa ganin irin wannan. Ina yarinya, wata shekara da rani ya yi tsanani, Baffana, wato mahaifina, ya kai shanu mashaya mai nisa ya tarar ta ƙafe. Da ya dawo bai gane mu ba, yana ta surutai, leɓensa ya tsattsage, idanunsa sun faɗa. Mahaifiyata ba ta kira kowa ba. Ta dama kindirmo da ruwa mai yawa ta yi ta ba shi ludayi ludayi, kafin gari ya waye ya dawo Baffanmu har yana faɗan an bar maraƙi a sake. Idon da na gani a fuskar Baffa shi na hango a fuskar Malam ta gefen mayafina.

Na shiga gidan Uwani maƙwabciyarmu, wadda take aikin jinya a asibiti. Na yi ta kewaye-kewaye, wai wata 'yar'uwata ce take da wani tsoho. Uwani ba ta da haƙurin irin wannan.

"Dije, bar ni da wata 'yar'uwarki. Malam ne, ko? Ai ina jinsa ta lasifika."

Na ce shi ne. Na ce ruwa ne ba ya sha, kuma ba ni da bakin da zan ce ya sha.

"To ba sai ruwan randa ba," in ji ta. "Shi ne gaba da komai, amma jiki ba ya tambayar ta ina ruwa ya shigo. Kunu ruwa ne. Koko ruwa ne. Fura in ta sha nono da ruwa, zoɓo, romo, miya mai ruwa-ruwa, kankana, lemon zaƙi, duk suna shiga lissafi."

Na ce, "Shayi fa? Na ji an ce shi ƙara busar da mutum yake yi."

"Sharri ake yi wa shayi. Kofi ɗaya ko biyu, abin da ya shigar ya fi abin da ya fitar. Lemon kwalba ma ruwa ne, sai dai sukarinsa ya yi wa tsoho yawa, kada ki saba masa. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne goron nan da dabino da busasshen tuwo. Kuma ki sani, tsoho ba ya jin ƙishi kamar ni da ke. Jikinsa yana bushewa, maƙogwaronsa bai gaya masa ba. In kina son ki tabbatar, a duba fitsarinsa, in ya yi ja ya yi kaɗan, to shi ne."

Na ce, "Innalillahi! Uwani, ni ce zan duba fitsarin Malam?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta gimtse fuska.

"Kunu zai saya miki kwanaki ne kawai. Abin da ya sa ya daina sha, shi ne na asibiti, kuma yana da magani. In aka bar shi haka cikin zafin nan, ƙoda ce za ta tafi."

Daga ranar na zama ɓarauniya a gidan mijina, sai dai ni ƙarawa nake yi ba ragewa ba. Fura na dama ta sosai har babu gayan da za a tsince. Miyar kuka na sake ta. Na yanka kankana na aika a matsayin tsarabar kasuwar Gwiwa, alhali a bakin titi na saya. Kwana uku abin yana tafiya, har na ji karatunsa na asuba ya miƙe. A rana ta huɗu kwanon fura ya dawo ko taɓawa ba a yi ba, da saƙo a bakin babanku.

"Malam ya ce a gaya wa 'yar Roni, shi fura ya sani, bai san ruwan fura ba."

Ya gane ni. Raina ya ɓaci, ba don an dawo da fura ba, don na ga mutum mai ilimi yana kashe kansa da saninsa. Na zaunar da babanku na gaya masa komai, har maganar wanduna. Allah ya jiƙan babanku, mutumin kirki ne, amma a gaban mahaifinsa ɗan shekara bakwai ne. Ya rufe fuska da hannu.

"Dije, ki rufa mini asiri. Da wane bakin zan tambayi Malam wannan? Kuma in ba haka ba ne fa?"

Na ce in ba haka ba ne mun ji kunya, in haka ne kuma muka yi shiru mun yi asara. Ya ce in ba shi lokaci. Lokacin ne ba mu da shi.

Ana nan sai Gwaggonku Asabe, babbar 'yar Malam, ta iso daga Babura da jarkar rubutu da ta karɓo daga wani malami. Ita a ganinta iska ce ta shafe shi tun rasuwar Inna. Ta ba ni ta ce in zuba masa kaɗan a kofi. Na ɗauko babban kwanon sha, na zuba rubutun, na cika shi fal da ruwan randa mai sanyi. Malam ba zai mayar da ayar Allah ba, ya shanye tas. Safe da yamma haka, kwana biyu. Sai ga shi ya gane kowa, har ya tambayi Asabe lafiyar mijinta da sunansa. Asabe ta yi ta hamdala tana yabon malaminta. Ni ban musa albarkar ayoyi ba, har gobe ba na musawa, amma na san yawan ruwan da na zuba. Da jarkar ta ƙare, a kwana biyu ya koma gidan jiya, har ya fi da.

Ranar wata Juma'a da hantsi Asabe ta tara 'yan'uwanta a ɗakin Malam, shi yana kishingiɗe a kan buzu yana kallonsu kamar baƙi. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin komai. Shawarar da ta kawo ita ce, bayan an sauko daga masallaci babanku ya sami dattawan unguwa ya gaya musu hankalin Malam ya gushe, a ba na'ibi limanci. Ita kuma ta tafi da shi Babura ta ajiye shi a ɗaki, a riƙa rufe ƙofa kada ya fita ya ba da kunya. Na jira in ji babanku ya yi magana. Gyaran murya kawai na ji ya yi.

Wallahi ban san lokacin da na ajiye rariya ba. Na dai ga kaina a durƙushe a bakin ƙofa, gari a hannuna har gwiwar hannu. Ban ɗaga kai ba. Da dandamalin ƙofar na yi magana.

"Allah ya gafarta Malam, a yafe mini. Hankalin Malam lafiya lau yake. Ƙishirwa ce. Malam ya daina shan ruwa saboda fitsari yana karya masa alwala, randarsa ba ta raguwa tun farkon bazara. Lalurar tana da magani a asibiti. In ƙarya na yi, a mayar da ni Roni yau."

Asabe ce ta fara samun bakinta.

"La'ilaha illallahu! Ke! Uban namu? A gabanmu? Ashe Fulanin ma sun sayar da kunya!"

Ta yi ta faɗa, ban riƙe sauran ba. Abin da na riƙe shi ne muryar Malam, a dushe, a hankali, amma tasa ce ta ainihi.

"Asabe, ya isa. Ku fita duka. Sani, kai tsaya."

Sani shi ne babanku, kun ga yau na rubuta sunan da ban taɓa faɗa da bakina ba. Abin da suka tattauna ban sani ba, bai taɓa gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai ga an kira adaidaita bayan sallar Juma'a, an fito da Malam an rirriƙe shi. An kwantar da shi a asibiti kwana huɗu ana yi masa ƙarin ruwa. Uwani ta ce mini a rana ta biyu ya farka ya tambayi wa ya ja mutane asuba, kuma da aka gaya masa ya ce yaron yana sauri a ruku'u, a ja masa kunne. Likita ya ba shi magani, ya ce zai rage lalurar amma ba lalle ta tafi duka ba, ruwa kuma ba fashi: da rana ya sha sosai, da yamma ya sassauta, kuma shayinsa da kununsa da furarsa duk suna cikin ƙidaya.

Kada ku ɗauka labarin ya ƙare da kowa yana murna. Abin da Malam ya yi ta gudu shi ya same shi, kuma ta bakina ya same shi. Sati ɗaya da dawowarsa, bayan sallar la'asar, ya miƙe a masallaci da ƙafafunsa, na ji shi ta katanga. Ya ce Allah ya jarrabe shi da lalurar tsufa, kuma abin da ya karantar da su shekara da shekaru ba zai take shi ba don ya zo kansa. Ya kama hannun na'ibi ya kai shi gaba, shi ya koma sahun farko ta dama. Ina tsaye da tsintsiya a hannu na yi kuka sosai. Na san da hankalinsa ya sauka, da bakinsa, ba a ɗauke shi an kulle a ɗaki ana cewa ya zautu ba. Amma na san kuma ni na tsaga masa sutura a gaban 'ya'yansa.

Asabe ta shekara shida ba ta amsa gaisuwata. A dangi aka sa mini suna, in na shigo taro a yi ta taɓa juna. Mahaifiyata da labari ya kai mata Roni ta aiko a gaya mini ba haka ta rene ni ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Malam kuwa bai ce uffan ba. Gaisuwar safe ma sai ya koma amsa ta da ɗaga hannu. Saƙon 'yar Roni ya ɗauke ɗif, in yana son abu sai ya ce a gaya wa masu gida. Na ci gaba da shara ina cika randa, ina ganin tana raguwa kullum, ina cewa wannan ya ishe ni. Amma ƙarya nake yi wa kaina, bai ishe ni ba. Ina so in san ko ya yafe.

Har damina ta wuce, aka yi girbi, wata bazarar ta sake zagayowa. Ran nan da azahar babanku yana wajen aiki, ina tsakar gida ina dama fura, Malam yana zaune a inuwar ƙofar ɗakinsa. Sai na ji an ce:

"Dije."

Na waiga ina neman wanda ya shigo, don ban taɓa jin sunana a wannan muryar ba, ban ma san ya san shi ba. Babu kowa sai shi. Ya miƙo moɗarsa, ya juya ta ƙasa don in ga babu ko ɗigo.

"Ƙaro mini. Kuma furar nan, ki sake ta kamar ta bara."

Na karɓa da hannu biyu. Na je randa na tsaya na daɗe kafin in iya ganin bakinta. Shekara tara ya ƙara a duniya bayan wannan, yana ba da karatu a zaure da moɗa a gefensa, kuma har ranar da ya cika bai sake tuntuɓe a aya ba. Ke Hadiza da kai Bashir, duk a cikin shekarun nan ya yi muku huɗuba, ya koya muku Fatiha da bakinsa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na zauna na rubuta wannan labarin da tsawo haka. Makon jiya na kama kaina ina ture kofin shayi, ina ce wa Hadiza ba na jin ƙishi. Ƙarya ce irin ta Malam. Gwiwoyina ne ba sa son yawan zuwa banɗaki, kuma ina son alwalar azahar ta kai ni la'asar. Ni da na san komai, ni da na sha zagi a kan wannan, ga ni ina yi. Saboda haka ku ji da kyau. In kun wayi gari kun ga ina kiran babanku ya miƙo mini carbi, kada ku fara rage murya kuna cewa uwarmu ta rikice. Ku fara duba kofina. In kuma abin ya kai a yi mini maganar da ake jin kunya, to a yi mini ita a fili, ko da matar ɗana ce za ta yi. Na riga na yafe mata tun yanzu, kuma ni ba zan sa ta jira shekara guda ba.